Nutso a Zanzibar, kar ka hau jirgin sama a ranar

Jiya a majalisarmu ta Nima wani yayanmu ke cewa in ya je Zanzibar ranar ƙarshe zai yi nutso da tukunyar iska, ya goge jiki ya kama jirgin Accra, wai da an fito ruwa shikenan. Wallahi yaya ba haka bane. Can ƙasan ruwa jiki na tara iskar naitirojin daga iskar da kake shaƙa, jirgi na ɗagawa matsin iska ya ragu sai ta yi kumfa cikin jini kamar ka buɗe Fanta da sauri, gaɓoɓi su kama ciwo, wani har jiki ya shanye. Nutso ɗaya jira awa 12 aƙalla, in kwanaki ka jera kana nutso, awa 18. Ranar ƙarshe zaga Stone Town, tsohon garin Zanzibar, kawai dan Allah.