Kun ɗebi ruwan rijiyarmu a gora kun tafi, ina sakamakon?

Wallahi na gaji da shiru. Jiya da safe na ja guga a rijiyar gidanmu, ruwan ya fito da wani irin kala kamar an wanke tsohon kwano a ciki, ga warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da duk wanda ya taɓa bi ta gefen kamfanonin fata na Challawa ko Sharada ya san shi. Maman yara ta kalle ni ta ce Malam da wannan zan ɗora tuwo? Na rasa amsar da zan ba ta.

Mu nan Kumbotso muke a Kano, kwatar da kamfanonin ke sako ruwan jima ba ta da nisa da mu, wata rana baƙi ƙirin, wata rana shuɗi-shuɗi da kumfa a kai, yana gangarawa kogin Challawa, wanda bai gangara ba kuma ƙasa ta shanye shi, to ina zai je in ba cikin rijiyoyinmu ba? Wannan ai ko yaro ya san lissafin. Haka mutanen Bompai ke fama, nasu ta rafin Getsi yake bi ya haɗe da Jakara, kuma da ruwan nan ake ban ruwan latas da kabeji da ake kawowa kasuwa mu saya mu ci.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu gwajin nan. Sau uku a iya sanina ana zuwa gidan nan, ɗalibai ne, ma'aikata ne, oho, da safar hannu da 'yan goruna da kula mai ƙanƙara, su yi sallama cikin ladabi mu shimfiɗa musu tabarma, su ɗebi ruwa su manna takarda su rubuta lamba, su tambaye ka kofi nawa kake sha a rana, shekara nawa kana sha, yaranka nawa. Shikenan. Ko mutum ɗaya bai taɓa dawowa ya ce Baba ga abin da muka gani ba. Haba jama'a! Mu ɓerayen gwaji ne?

Na ƙarshen da ya zo na riƙe shi na ce ɗan'uwa ba za ka fita ba sai ka yi min bayani. Yaron kirki ne, ya zauna. Ya ce sinadarin da ake jeme fata da shi sunansa kuromiyam, akwai nau'insa mai mugun haɗari da ke cin fata, ya taɓa ƙoda da hanta, har ana danganta shi da ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya ta ruwan sha, gubar dalma kuma 0.01. Tambayoyin da suke mana kuwa lissafi ne, ana duba yawan gubar da ruwan da mutum ke sha da nauyin jikinsa, shi ya sa yaro ya fi shiga uku, jikinsa ƙarami. Sai ya faɗi maganar da ta hana ni barci, wai tafasawa ba ta fitar da irin wannan gubar, ƙwayoyin cuta kawai take kashewa, ruwan ma in ya ƙone gubar ƙara kauri take. Shekara da shekaru matata na ƙona gawayi tana tafasa wa yara ruwa, ashe aikin banza take.

Ƙaramar 'yata duk gwiwoyinta da bayan wuyanta ƙuraje ne, da dare sai ta sosa har jini, mun shafa mai mun sha magani, da an yi mata wanka da ruwan rijiya ya dawo. Yanzu fiya wata muke saya na sha, wanka da wanki sai 'yan garuwa, su ma wa ya san bohol ɗin da suke ɗebowa? Albashin nawa yake?

Ba mu manta da Zamfara ba fa, 2010, yara wajen 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ta binnewa ana cewa zazzaɓi ne kafin a gano. Irin ta ake jira a Kano?

Ni ban ce a rufe kamfani ba, ƙanina ma a can yake cin abinci. A tilasta musu tace ruwansu kafin su sako shi. Ku kuma masu goruna, don girman Allah ku dawo da takardar sakamakon nan, ku karanta mana ita da Hausa a ƙofar gidan mai unguwa, rijiya kaza a sha, rijiya kaza a rufe. Lambar da kuka rubuta da alƙalamin maka a bakin rijiyata har yanzu tana nan ba ta goge ba, ku zo ku faɗa min me kuka gani a cikinta.