Solar Gidana Ta Zama Ta Unguwa

Wai don Allah laifi na yi da na sa sola a gidana? Shekara biyu ina tara kuɗin faranti huɗu da batir, yanzu falona ya koma shagon caji! Tun asuba yara ke sallama, "wai in ji Umma a sa mata caji." Waya goma, fitila, rediyo, har da mai kawo ƙullin zoɓo firij! Jiya da magariba wata ta jona dutsen guga, inbata ta dinga ihu har bakin titi. Ga ƙurar hunturu ta lulluɓe farantan, kullum ina kan kwano da tsumma, wa ya taɓa riƙe min tsani? Ƙarfe tara batir ya mutu, kowa wayarsa fal, ni da yarana a duhu!