Gobara a tsakiyar teku: wa ke farke lokacin da kowa ke barci?

Akwai abin da hankali ke ƙin karɓa a mutuwar gobara a kan ruwa. Ga ruwa ta gabas, ga ruwa ta yamma, amma wuta ta cinye mutum. Haka ta faru da asubahin ranar 2 ga Satumba, 2019, a gefen tsibirin Santa Cruz da ke gaɓar Kalifoniya a Amurka, inda jirgin shaƙatawa mai suna Conception ya ƙone ƙurmus. Mutum 39 ne a ciki. Biyar kawai suka tsira, kuma dukkansu ma'aikatan jirgin ne.

Masu wasan nutso a ƙarƙashin teku ne suka yi hayar jirgin na kwana uku, lokacin hutun ranar ma'aikata ta Amurka. Tsawonsa ƙafa 75, na katako ne da aka lulluɓe da fiba, hawa uku. Ma'aikata biyar suna kwance a sama. A tsakiya akwai falo da wurin girki. Can ƙasa, a cikin cikin jirgin, fasinja 33 da ma'aikaciya ɗaya suna barci a gadaje masu hawa-hawa irin na makarantar kwana. Hanyar fita daga ɗakin biyu ce: matakala, da wata 'yar ƙofar gaggawa da ke saman ɗaya daga cikin gadajen, wadda sai mutum ya hau gadon ya kutsa. Duka biyun a falo suke ɓullewa. Falon kuwa shi ne ke ci da wuta.

Tun washegari aka fara nuna batir da yatsa, kuma ba a rasa dalili ba. Masu nutso mutane ne masu kayan lantarki: kyamarar cikin ruwa, fitilu masu ƙarfi, wayoyi, kwamfutoci. Da dare sai a jera su a falo, a jona soket a kan soket, a tafi a kwanta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gidajenmu ke komawa in an kawo wuta ƙarfe ɗayan dare, waya biyar da fitila da fawa-banki a kan 'yar jona guda, ya san hoton. Batirin litiyam in ya fashe ko ya yi zafi fiye da kima, kansa yake ciyar da wutarsa, ruwan bokiti ba ya saurin shawo kansa. Shi ya sa kwanaki kaɗan bayan gobarar, rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi a rage cajin irin waɗannan batura ba tare da wani na sa ido ba.

Sai dai hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, da ta kammala aikinta a Oktoban 2020, ba ta iya tsayar da abin da ya kunna wutar ba. Ta ambaci wayoyin lantarkin jirgin, ta ambaci baturan da ke caji, ta ambaci guntun taba da ba a kashe da kyau ba. Daga baya binciken wata hukumar tarayya, ATF, ya karkata ga kwandon shara na roba da ke ƙarƙashin matakala.

A ganina wannan muhawara, ko da tana da amfani ga injiniyoyi, tana ɗauke ido daga inda ya kamata a kalla. Jirgin ruwa wuri ne da wuta ba ta rasa mafari. Iskar teku mai gishiri tana cin kan waya har ya yi tsatsa, girgizar inji tana kwance abin da aka ɗaure, kuma duk inda mahaɗar waya ta yi sako-sako zafi ke taruwa. A jirage masu shan fetur, tururin man ya fi iska nauyi, sai ya gangara ya kwanta a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi, shi ya sa ake umartar matuƙi ya kunna fankar fitar da tururi na minti huɗu kafin ya tayar da inji. Ka toshe wannan kafa, wata na nan. Abin da ke raba ƙaramar wuta da ta'aziyyar gida talatin shi ne minti nawa ta yi tana ci kafin ido ya gan ta.

A Conception babu idon. Takardar izinin jirgin ta sharɗanta cewa muddin fasinja na kwance, dole wani ma'aikaci ya kasance a farke yana zagayawa. Daren nan duk sun yi barci. Ƙara ce ta tayar da ɗaya daga cikinsu, ya leƙo ya ga haske a ƙasa, lokacin wuta ta riga ta tare hanya. Ɗaya ya karya ƙafa wajen dirowa. Kyaftin ya kira neman agaji wajen ƙarfe 3:14, sannan suka faɗa ruwa, suka nufi wani jirgi da ya yada anga kusa. Akwai ƙararrawar hayaƙi a ɗakin barci, amma babu a falo, kuma ba a haɗa ta da inda ma'aikata ke kwana ba. Wato sai hayaƙi ya sauko ya same ka za ta yi maka kuka. Likitocin da suka duba gawarwakin sun ce hayaƙi ne ya kashe su. Kuma ba a cikin barci suka tafi ba kamar yadda aka so iyalansu su ɗauka da farko: an samu ɗan gajeren bidiyo a wayar ɗaya daga cikinsu da ya nuna sun farka.

Wani zai ce ai ganganci ne na kamfani ɗaya. Ban yarda ba. Jirgin yana cin jarrabawar masu duba jirage shekara bayan shekara. Su masu dubawar da rana suke zuwa, jirgi na ɗaure a tasha. Suna ƙirga rigunan ceto, suna duba tukunyar kashe gobara, su sa hannu. Ta yaya za ka gane mai gadin dare na barci in da hantsi kake ziyara? NTSB ta gano cewa tun 1991 ba a ci tarar wani mai jirgi ba a kan rashin ajiye mai zagayen dare. Dokar da ta shekara kusan talatin ba ta kama kowa ba, ko dai mutane sun zama waliyyai ne, ko kuwa ba mai tambaya.

Kuma lissafin a fili yake. Mai zagayen dare albashi ne, ko kuma ma'aikaci ne da gobe ba zai iya ɗaukar tukwanen iskar masu nutso da dafa abinci ba saboda gyangyaɗi. Dare dubu ya wuce lafiya, sai mai jirgi ya fara ganin kuɗin kamar asara.

Majalisar dokokin Amurka ta yi gyara, kuma a ƙarshen 2021 sababbin ƙa'idoji suka fito: ƙararrawar hayaƙi masu haɗe da juna, hanyoyin fita biyu da ba sa ɓullewa wuri ɗaya, na'urar da ke tabbatar da mai gadi na farke, da tsarin ajiye batura. Madalla. Amma irin wannan yawo ba a Amurka kaɗai ake yi ba. Wata biyu bayan Conception, wani jirgin masu nutso ya ƙone da dare a Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, wata Ba'amurkiya ta mutu. A Yunin 2023, kusa da Marsa Alam, wani mai suna Hurricane ya kama da wuta, 'yan Birtaniya uku suka rasu, hukumomin yankin suka danganta abin da matsalar lantarki a ɗakin inji.

Shi kyaftin ɗin Conception, Jerry Boylan, kotu ta same shi da laifin sakaci a Nuwamban 2023, aka yanke masa shekara huɗu a Mayun 2024. Lauyoyinsa sun ce yadda ya tarar ana yi a kamfanin haka ya yi. Wannan ba ya wanke shi, don shi ke da jirgi a hannu daren nan. Amma NTSB kamfanin, Truth Aquatics, ta ɗora wa alhakin rashin sa ido. Shi kuwa kamfanin, kwana uku da gobarar, ana tsamo gawarwaki, ya garzaya kotu da wata dokar 1851 wadda a lokacin take ba mai irin wannan jirgi damar taƙaita diyya daidai da darajar abin da ya rage na jirginsa. Abin da ya rage a lokacin ƙonannen katako ne a ƙasan teku.