Ba duk waƙar metal ce ihu ba

Da an ce waƙar metal, wato salon kiɗan nan mai ƙarar jita da ganguna, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne ƙattin maza masu dogon gashi suna gurnani, kiɗa kamar zai fasa dodon kunne. Akwai irin wannan, ba musu. Amma reshen da ake kira symphonic metal, mai haɗa metal da kiɗan gargajiyar Turai, ya sha bamban, kuma galibi mace ce ke jan waƙar.

Ɗauki ƙungiyar mawaƙa ta Nightwish, da aka kafa a garin Kitee na ƙasar Finland a 1996. Mawaƙiyarsu ta farko, Tarja Turunen, ta koyi waƙar gargajiyar Turai a makarantar kiɗa ta Sibelius. Sai ka ji ganguna na shan duka, jita na ruri, gogen Turawa na tashi can baya, sannan muryarta ta hau kansu duka, ba gaggawa. Ni nan ne tsigar jikina ke tashi.

Gurnanin dai bai ɓace ba. A ƙungiyar Epica ta ƙasar Holan, Mark Jansen ne ke yinsa, Simone Simons ta amsa masa da tattausar murya. Da gangan aka haɗa su.