Samarin unguwa, wa zai tsallakar da yaran nan titi?

Yau da safe wajen bakwai da rabi a Kofar Doka na ga abin da har yanzu raina bai daina ɓaci ba. Wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, ta riƙo hannun ƙaninta, kwandon abinci a ɗaya hannun, ta sa ƙafa a titi ta janye ya fi sau huɗu. Da ta gaji ta afka kawai, Allah ne Ya tsare mai Keke Napep ya taka burki. Ga samari nan sun kai bakwai a teburin mai shayi, ko ɗaya bai motsa ba, sai ihun "ke ba kya gani ne?" suka koma musun Arsenal.

Haba 'yan uwa! Ɗa fa na kowa ne. Ka iya kwana kana latsa waya kana buga cacar ƙwallo, amma minti ashirin ka raka ƙannenka makaranta ya zama aiki?

A Ingila iyayen unguwa karɓa-karɓa suke yi, a jera yara, babba ɗaya a gaba ana ce masa direba, ɗaya a baya kwandasta, suna bi suna ɗaukar yara hanya-hanya kamar bas, alhali da ƙafa ake tafiya. Ba ko sisi. Mu kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin abin hawa ya gagari talaka, sai a loda yara huɗu kan acaɓa ɗaya, ko a sako su su kaɗai, mu muna zaune muna kallo.

Kuma tafiyar kanta magani ce, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro na buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum. Ya isa aji ya wartsake ba gyangyaɗi, ya koyi duba dama da hagu, ba makara, ba laɓewa a kango a ce an je makaranta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku dai san yadda za ku yi a layinku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu da muna yara a Tudun Wada, ayari guda muke fita, wani yayanmu na unguwa a baya da 'yar tsumagiyarsa, in ka tsaya wasa ka sha, ka kuma dawo gida babanka ya ƙara maka. Yanzu ka tsawata wa yaro, kafin azahar uwarsa ta sallamo maka a ƙofar gida.