Ku bar yarinya ta kwanta, don Allah

Har yanzu abin da ya faru a gidan bikin nan na ranar Asabar bai bar raina ba. Waɗanda muke tare kun gani da idonku. Yarinya 'yar shekara 15 ta naɗe kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta dafe mara, gumi na tsattsafo mata a goshi, sai ga babbar mace, uwar 'ya'ya mata har huɗu, ta tsaya a kanta: "Ke, tashi ki ɗauraye tukwanen can. A kanki aka fara al'ada?" Ta tashi kuwa, don ba ta saba musu da babba ba. Ko bakin rijiya ba ta kai ba ta zube. Nan aka hau salati, ana yayyafa mata ruwa, wata har tana cewa ko iska ne.

Babu wani iska. Rashin tausayi ne, kuma abin da ya fi ƙona min rai, mu mata mu ne kan gaba wajen yi wa junanmu shi.

Mai ciwon mara hutu take buƙata. Mahaifa tsoka ce, kuma idan al'ada ta zo jiki na sakin wani sinadari da likitoci ke kira furostagilandin, shi ke sa ta murɗawa don ta fitar da shimfiɗar da ta yi a wannan watan. Sinadarin nan yana cikin waɗanda ke aiki lokacin naƙuda. Shi ke kawo amai da gudawa da ciwon baya da wasu ke fama da su a ranar farko da ta biyu. Kuma ba daidai yake a jikin kowa ba. Wata sai dai ta ga jini kawai, wata kuwa kwana biyu ba ta iya miƙewa. To ke da Allah ya sauƙaƙa miki, da wane ma'auni kika auna ciwon da ke cikin marar wata har kika yanke cewa raki ne?

Na san abin da za a ce: iyayenmu sun yi daka da surfe da ɗiban ruwa suna cikin jini, ba su mutu ba. Sun yi, Allah ya saka musu. Amma wahalar da suka sha ba gado ba ce da za mu raba wa 'ya'yanmu. Masu cewa yara za su sangarce kuma, kwana ɗaya ko biyu a wata ba ya sangarta kowa. Ita kuwa maganar "in ta yi aure zai daina", ku je ku tambayi matan auren da ke da 'ya'ya uku kuma har yau suke birgima duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin 10 masu shekarun haihuwa na da cutar endometiriyosis, wadda wani nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifar. Yarinya za ta shekara da shekaru da ita ana ce mata shan zaƙi ne ya jawo mata, ba wanda ya kai ta asibiti.

Abin da ke ba ni mamaki, addininmu ya riga kowa sassauta wa mai haila. An ɗauke mata salla, ba ta ramawa. An ɗauke mata azumi sai ta samu tsarki. Lokacin da Nana A'isha ta ga jini a hanyar aikin Hajji tana kuka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, rarrashinta ya yi, ya ce abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata. Ubangijin da ya halicce ta ya ɗauke mata salla biyar, mu mun kasa ɗauke mata wanke-wanken yini ɗaya. Ku bar yarinya ta kwanta.

Wasu ƙasashen ma doka suka mayar da shi. Japan tun 1947 ta ba ma'aikata mata izinin hutun al'ada. A nan Afirka, Zambiya na ba mace kwana ɗaya duk wata. Sifaniya ta yi tata dokar a 2023. Ni ko dokar ban nema ba tukuna, tsakar gidanmu nake magana.

Ni kaina sai da na haura shekara 30 na koyi zama lafiya da watana, kuma ina takaicin shekarun da na ɓata ina cije baki. Yanzu ina rubuta ranar da ya zo a kalanda. Tsakanin wannan da na gaba kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne, nawa kan zo a 29 ko 30, don haka na san makon da zan rage wa kaina. Kafin ya zo nakan yi miyar da za ta kai kwana uku, in gama wanki, in ɗage zuwa kasuwa. Ranar farko nakan cika gora da ruwan ɗumi, in naɗe ta da zani, in ɗora a mara, in sha shayin citta, in yi barcina da rana ba tare da na ba kowa haƙuri ba. In ciwon ya lafa sai in ɗan taka a tsakar gida, yana taimakawa. Ibuprofen na aiki sosai in an sha shi da ciwon ya fara, amma bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki ta nisance shi. Jinin da ke fita yana tafiya da sinadarin ƙarfe, shi ya sa jiri da kasala, don haka a ba yarinya hanta, wake, zogale, alayyahu. A daina ɗura mata jar kanwa.

Uwa, in 'yarki na jiƙa audugar mata duk awa ɗaya, ko jinin ya wuce kwana 7, ko yana fita guda-guda manya, ko ciwon na hana ta makaranta duk wata, asibiti za ki kai ta. Allurar kemis ta kowane wata rufe ciwon kawai take yi. Ku kuma iyaye maza, ku sa kuɗin auduga cikin cefane kamar yadda kuke sa na omo, kar 'yarku ta tsaya tana murza gefen hijabi ta rasa yadda za ta faɗa.

Wannan kunyar ma ita ce ke sa a watan azumi yarinya mai fashin salla ta tashi sahur tare da kowa don kar yayyenta maza su gane, sannan ta yini da yunwa ga jini na zuba, ko ta ɓuya bayan ƙyaure tana haɗiyar gari da ruwa kamar ɓarauniya. Ni ma na yi haka shekara da shekaru a gidanmu. A azumin bana da kaina na zuba wa 'yata abincin rana a faranti, na kai mata ɗaki, da ƙanenta ya tambaya na ce masa Allah ne ya ba ta hutu, ya je ya tambayi malaminsu na Islamiyya babin haila.