Ƙasar da Suka Ƙwato daga Ruwa, Ita Suka Zana

Jiya da dare na daɗe ina kallon zanen Rembrandt, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holan, a waya, ina ƙara girmansa da yatsu. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: bukkar manomi, itatuwa kaɗan, jinga mai tare ruwa a bayan garin Amsterdam. Da alƙalami da tawada ya yi shi, kuma sau da yawa alƙalamin na kara ne, ɗan'uwan wanda muka riƙe a makarantar allo. Amma wallahi na kasa ɗauke ido.

Ra'ayina shi ne, mutanen Holan sun fara ganin kansu a matsayin al'umma a kan takarda tun kafin duniya ta amince da su. A 1603 wani mai zanensu, Hendrick Goltzius, ya zana tuddan rairayin da ke kusa da garin Haarlem yadda idonsa ya gan su, alhali abin yayi a lokacin shi ne duwatsu da kangayen Italiya. Ana cikin yaƙi da Sifaniya ke nan, kuma sai a 1648 ta yarda da 'yancinsu. Haarlem ɗin nan ita ce sojojin Sifaniya suka yi wa ƙawanya har ta faɗi a 1573. Mutumin da ya san wannan, in ya ga an zana gonakin garin cikin lumana, ai ba ciyawa kawai yake gani ba.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa, da yawa daga filayen nan guminsu ne. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da matakin teku. Tafkin Beemster, injinan da iska ke juyawa suka kwashe ruwansa, a 1612 ya zama gona. Shi ya sa injin iska ke tsaye a zanensu kamar hasumiya. Jacob van Ruisdael ma, da ya zana Haarlem, ya bar wa gajimare mafi yawan hoton, can ƙasa kuma ga fararen yadudduka an shanya a fili, sana'ar garin ke nan.

Sai dai akwai abin da ke damuna. A 1637, zanen nan na tashe, Holan ta ƙwace Elmina, a Ghana ta yau, daga hannun Fotugal, ta ci gaba da lodin bayi daga can. Ina son zanen nan har cikin raina, amma duk sanda na kalli kwale-kwalen da ke kwance a bakin kogin Amstel na Amsterdam a cikin zanensu, sai Elmina ta faɗo min.